TSOHON JIRGI A GINDIN DARBEJIYA

Duk wanda ya san birnin Maiduguri ya san ba garin jiragen ruwa ba ne. Gari ne na rairayi da darbejiya da zafin rana. Kogin Ngadda da ya ratsa ta tsakiyarsa ba ya cika sai 'yan watanni a shekara, da rani kuwa akasarinsa yashi ne, yara na buga ƙwallo a ciki, masu lambu na tonon ruwa a gefe. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutanen wani lungu a unguwar Gwange suka fara raɗe-raɗin ko wani maƙwabcinsu ya sami taɓuwa, sa'ad da suka ga ya kwashe kusan shekara biyu yana fama da gyaran wani tsohon jirgin katako a tsakar gidansa.

Mutumin nan malamin makarantar firamare ne, ya yi shekara 35 yana riƙe da alli, ya yi ritaya a 2022. Kowa a unguwar Malam ya ke ce masa. Kafin wannan lokaci bai taɓa riƙe zarto ba, ko kujera ce ta karye a gidansa sai ya aika a kira kafinta. Jirgin kuwa na mahaifinsa ne, tsawonsa ƙafa 18, gindinsa shimfiɗaɗɗe, irin wanda a ke kafa wa sanda a tsakiya a ɗaura zane iska ta tura shi. Shekara 30 ya yi a kife a bisa duwatsu a gindin darbejiya, an rufe shi da tsohon kwano. Awaki sun haihu a ƙarƙashinsa, kaji sun yi ƙwai, 'ya'yan gidan duka sun yi ɓuya a cikinsa.

Asalin jirgin

Mahaifin Malam masunci ne daga ƙasar Kabi. Yana cikin ɗimbin Hausawan da labarin kifin Tabkin Cadi ya jawo su gabas a farkon shekarun 1960, suka zauna a Baga da Doron Baga. A zamanin nan faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, mutum ya tsaya a bakinsa ba ya hango ɗaya gaɓar. Giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa sai wanda ya gaji da ja. Manyan motoci na lodin banda dare da rana, su biyo hanyar nan mai kusan kilomita 200 zuwa Maiduguri, daga nan su zarce har kasuwannin Anaca da Ikko.

A Baga aka haifi Malam, kuma yana ɗan shekara tara aka ƙera jirgin nan da katakon maɗaci. Masu hali a lokacin sun fara ɗaura inji a bayan jiragensu. Tsohon ba shi da kuɗin inji, sai ya sa aka farke masa buhunan fulawa, irin na zane na da, aka ɗinke su wuri ɗaya. In iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas sai ya ɗaga zanen, ya zauna a baya da matuƙi a hannu, jirgi na ta gudu ba motsin kowa. In za a komo kuwa iska ba ta da amfani, domin jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ba ya iya tunkararta, sai a naɗe zane a ɗauki gora. Tun da tabkin ba shi da zurfi, a wurare da yawa gora na taɓa ƙasa.

Sau ɗaya tak Malam ya shiga jirgin nan zane na sama. Ran nan ba makaranta, uban ya ce ya zo ya taya shi kwarfe ruwa. Abin da ya riƙe daga wannan rana har tsufansa shi ne shirun da ya ji. Ba ƙarar inji, ba numfashin mai tuƙi, sai ruwa na shafar katako da igiya na ɗan kuka. Bayan wannan uban bai ƙara yarda ya taka jirgi ba. Ya ce shi ya sha wuyar ruwa ta ishe su su biyu, ɗansa boko zai yi.

Sa'an nan fari ya zo. Na 1973 ya raba tabkin gida biyu, na 1984 ya kusa ƙarasa shi, har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Ruwa ya gudu ya bar Baga a tudu, inda a ke jefa koma jiya aka koma shuka masara da wake. Masunta da yawa suka bi ruwan zuwa tsibirai. Tsohon ya ga shekarunsa sun ja, ga shi kuma an gama gina madatsar ruwa ta Alau a kan Kogin Ngadda a 1986, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri. Sai ya roƙi wani direban motar banda ya ɗora masa jirgin a bisa kaya, ya taho wurin ɗansa da ya fara koyarwa. Ya yi 'yan shekaru yana su a Alau, har ƙarfinsa ya ƙare, aka kawo jirgin gida aka kife.

Maganar da tsoho ya bari

A watan Satumba na 1994 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Alau, ya malalo cikin gari. Gwange na bakin kogi, tana cikin unguwannin da ya fara shiga. Samari suka taru suka birkice jirgin don a kwashe mata da yara, amma ko ƙofar gida bai kai ba ya cika ya zauna. Shekara biyu kawai da ya yi a tudu ta sa katakan sun bushe sun ja jiki, tsakanin kowane biyu har yatsa na shiga. A kafaɗa aka fitar da tsohon, yana waiwayen jirginsa.

Bayan ruwa ya janye, aka mai da jirgin bisa duwatsu, tsohon ya dafa shi ya ce wa ɗansa, "Ka gani ko? Mutane na tsammani ruwa ke cin jirgi. Ruwa abincinsa ne. Ajiya ke kashe shi." Ya ce in Allah ya ba shi lafiya zai gyara shi da rani. Allah bai nufa ba, ya kwanta ciwo, bayan shekara biyu ya rasu.

Malam ya yi niyyar cika wannan buri, amma kowa ya san yadda niyya ta ke da ma'aikaci. Bana a ce sai an yi hutu, baɗi a ce sai an biya albashi. Sau uku masu gidan burodi na zuwa sayen jirgin don su faskara, sau uku yana hana su, ba tare da ya iya faɗa wa kowa dalili ba. Sai da ya ajiye aiki, ya wayi gari ba inda za shi, ya zauna a tabarma yana fuskantar jirgin tun hantsi har azahar, sa'an nan ya ga ba sauran uzurin da zai kawo.

Neman mai sani

Ranar da ya yaye kwanon ya ga aikin da ke gabansa, gwiwarsa ta yi sanyi. Cikin katako 11 da ke jikin jirgin, gara ta cinye waɗanda ke kusa da ƙasa, rana ta tsattsage waɗansu. Ƙusoshi duk sun zama tsatsa, in an taɓa sai su marmashe. Haƙarƙarin jirgin, watau itatuwan da ke gicciye a ciki suna riƙe da katako, huɗu sun ruɓe. Sandar zane tuni aka yi dirkar rumfa da ita. Katakan gindi ne kaɗai suka tsira, domin maɗaci itace ne mai ɗaci da tauri, gara ba ta cika son sa ba.

Kafintocin gari da ya tuntuɓa suka ce su gado da kabad suka sani. Wani ya ce masa ya tafi Tashar Baga, kasuwar kifi, ba zai rasa mutanen bakin tabki ba. Gaskiya ne kuwa. Tun harin da 'yan Boko Haram suka kai Baga da Doron Baga a watan Janairu na 2015, dubban mutanen can suka tsere zuwa Maiduguri, da yawansu ba su koma ba. A cikinsu Malam ya sami wani dattijo da ya shekara 40 yana ƙera jirage a Doro, yanzu kuwa yana zaune a bakin wata rumfa yana ɗaure kwalayen banda a ba shi na abinci. Idonsa ɗaya ya yi yana, hannuwansa na rawa.

Da dattijon ya zo ya ga jirgin, bai ce komai ba. Ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa kowane katako da bayan yatsa, yana kasa kunne. Can ya ce, "Na san hannun da ya yi wannan. Mutumin ya riga mu gidan gaskiya." Ya share ido da bakin riga, sa'an nan ya ce, "Malam, ni hannuna ya mutu, ba zan iya yi maka ba."

Malam ya ce, "Baba, ba yi mini na ke so ka yi ba. Ka zauna a inuwa ka faɗa, ni in yi."

Dattijon ya kama tafin hannunsa ya shafa, ya yi dariya, ya ce, "Da wannan hannun na alli?"

Haka aka fara, da hunturun ƙarshen 2022. Wata biyu cur ba a yi komai ba sai cire ƙusa. Dattijon ya hana a ɓamɓare katako gaba ɗaya, ya ce in an yi haka jirgin zai mance siffarsa. Sai a cire ɗaya, a ɗora shi bisa sabo a zana, a yanke, a kafa, kana a taɓa na biyu. Sabon katako miƙaƙƙe ne, jikin jirgi kuwa lanƙwasasshe, don haka sai a jiƙa shi kwana biyu, a gasa shi sama-sama a kan garwashi, a ɗaure da igiya a riƙa ja kaɗan kaɗan. Katako na farko Malam ya yi gaggawa, ya ja da ƙarfi, ya tsage biyu. Kuɗin cefanen mako guda ke nan. Dattijon bai yi masa faɗa ba, cewa ya yi, "Yanzu ka ji muryar katako in zai karye. Ba a koya wa mutum wannan da baki."

Mutumin da ya shekara 35 yana gyara wa yara kuskure da jan biro, sai ga shi a durƙushe ana ce masa, "Sake." Gizago ya sare shi a ƙafa, guduma ta fasa masa farce, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe ya yi kanta. Wani jikansa ɗan shekara 13, da a ke aikowa ya miƙa ƙusa, ya fi shi saurin ganewa nesa ba kusa ba. Yakan ce, "Kaka, kawo in nuna maka, ka tsufa." Malam ya ce, "Tafi can, ni da na koya wa ubanka a, ba, ca."

Abin da gida ya ce

Ba a yi aikin nan a lokacin yalwa ba. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin Naira, mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da abin sayen ƙusa. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, farashin komai ya tashi, har katakon da a ke kawowa daga kudu zuwa kasuwar katako ta hanyar Baga. Fanshon malamin firamare kuwa kowa ya san iyakarsa. Ga kuma 'yar autarsa an sa mata rana, ana tara kayan ɗaki.

Uwargidan ta yi haƙuri har ta gaji. Wani dare ta ce, "Malam, ban taɓa sa baki a sha'aninka ba. Amma katakon da ka kafa wa wannan abu ya isa gado da kujeru. Me zan ce wa dangin miji, in ce su zo su ga jirgi?" Malam bai sami amsa ba, domin ta fi shi gaskiya. Ya dakatar da aikin wata huɗu, ya koma koyar da yaran maƙwabta da yamma ana biyansa, sai da aka kai yarinya ɗakinta da mutunci sa'an nan ya sake ɗaukar zarto.

Na waje su ma ba su bar shi ba. In ya fito masallaci sai wani ya ce, "Malam, yaushe ne ruwan Ɗufana, mu shirya?" Wani kuma ya tambaye shi ta ina jirgin zai fita, tun da an gina zaure da katanga bayan shigowarsa. Wannan tambaya ta dame shi ƙwarai, don bai taɓa tunaninta ba. Amma wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce ta wani abokinsa, da ya ƙirga katakan ya ce, "Shida sababbi, biyar tsofaffi, ƙusa duk sabuwa. To, wannan jirgin mahaifinka ne ko naka?" Da Malam ya kai maganar gaban dattijon, sai ya ce, "Jirgin da ke aiki kullum cikin canza masa katako a ke. Wanda ya shekara 20 a ruwa da wuya ka sami rabin katakon da aka fara da shi. Siffar ita ce gadon, da sanin yadda a ke mai da ita."

Ƙasar nan ta san jirgi

Masu yi wa Malam dariya sun mance, ko ba su sani ba, cewa ƙasar Barno tana da tsohuwar hulɗa da jirgi. A 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, wanda a lokacin ke cikin Jihar Barno, yanzu kuwa Jihar Yobe, ya ci karo da wani itace a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone shi, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya. Awo ya nuna ya kai shekara 8,000, watau shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Abin lura a nan, damshin ƙasar da ya kwanta a ciki shi ya tsare shi duk tsawon zamanin nan. Maganar tsohon masunci ke nan, ruwa abincin jirgi ne.

A 1850 kuma Turawan nan uku, Richardson da Barth da Overweg, suka taso daga Tarabulus da jirgi a yanke gunduwa-gunduwa a bisa raƙuma, suka ƙetare Sahara da shi. A 1851, zamanin Shehu Umar yana Kukawa, aka harhaɗa shi a bakin tabki, Overweg ya shiga ya zaga tsibiran Buduma. A can bakin tabkin ya rasu a 1852. Su Buduma kuwa tun kafin zuwan kowane Bature su ke ɗaure ciyawar ruwa dami-dami su yi jirgin da su ke kira kadai. Gwanintarsu ta kai har a 1969 wani mutumin Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗauki maƙera daga Tabkin Cadi ya kai su Masar, suka ɗaura masa babban jirgin ciyawa mai zane, aka sa masa suna Ra. Ya tashi da shi daga Safi ta ƙasar Maroko, da wani mutumin Cadi, Abdullahi Jibrin, a cikin matuƙansa, suka ci mafi yawan faɗin Tekun Atlantika kafin jirgin ya lalace.

Duk wannan sani a hannun mutane ya ke zaune, ba a takarda ba. In fari ya kori masunci, yaƙi ya kori maƙeri, ɗansu kuma aka ce boko kaɗai zai yi, to ba a bukatar shekara ɗari kafin a neme shi a rasa. Dattijon Doro ya ce cikin yara bakwai da ya koya wa sana'a, biyu sun mutu, uku na tuƙa Keke Napep, biyu bai san inda su ke ba.

Toshiya da zane

Da bazarar 2024 aka gama kafa katako, aka shiga toshiya, wadda ita ce ran aikin. A kan murza auduga ta zama kamar igiya, a cusa ta tsakanin katako da katako da bakin ƙarfe, a bi da narkakkiyar kwalta, a rufe da siririn fallen gwangwani a kafe da ƙananan ƙusoshi. In an cusa da yawa, ranar da katako ya sha ruwa ya kumbura sai ya ture ƙusa. In an cusa kaɗan kuma ya yi yoyo. Yatsun jikan sun fi dacewa da wannan, shi ya yi rabinsa.

Sa'an nan aka kira 'yan garuwa suka juye kura uku a cikin jirgin. Ran farko ruwa ya zube ta ko'ina kamar kwando, Malam ya koma ɗaki bai ci tuwon dare ba. Dattijon ya ce a ƙara. Ran na uku sai ɗiga. Ran na shida aka wayi gari ƙasan jirgin a bushe, ruwa na kwance a ciki darbejiya na kallon fuskarta. Daga ran nan dattijon ya kafa doka, kada a ƙara barinsa ya kwana uku ba ruwa a cikinsa.

Saura zane. Buhunan fulawa na zamanin yanzu na leda ne, don haka Malam ya tafi Kasuwar Monde ya ce a yanko masa akoko yadi 12. Mai shagon ya rage murya ya ce, "Allah ya sa ba rashi aka yi ba." Da ya kawo yadin gida ya rasa telan da zai gane abin da ya ke nufi. Uwargidan ta dube shi yana juya yadi a tsakar gida, ta ce, "Kawo nan, kada ka ɓata kuɗi sau biyu." Ta jawo kekenta, dattijon na faɗa daga bakin zaure, ta ninka bakin sau uku ta bi da igiya a ciki. Aka yanke shawara in ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara, za a fasa katanga a nemi mota a kai shi Alau.

Daren Talata

Ba a kai ga hunturu ba. Damina ta yi ƙarfi a 2024, kuma a daren Litinin wayewar Talata 10 ga Satumba, madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 daidai bayan waccan. Mutane na barci ruwa ya shigo. Kafin gari ya waye ya mamaye Fori da Gwange da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monde da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'a. Ya fasa gidan namun daji, kadoji da macizai suka bi ruwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, rayuka da dama suka salwanta.

A gidan Malam ruwa ya kai gwiwa kafin su gama tashin yara, ya kai ƙugu kafin su ɗauki komai. Katangar da a ke ta tunanin fasawa ta jiƙe ta zube da kanta. Jirgin ya ɗago daga kan duwatsunsa, yana jan igiyar da aka ɗaure shi da ita a jikin darbejiya. Ba maganar zane a irin wannan dare, gorar rumfa Malam ya zaro. Mutumin da sau ɗaya ya taɓa shiga jirgi, yana yaro, ba zai zama gwani a dare ɗaya ba. Ruwa ya juya su sau biyu, ya maka su a jikin wani gini har katako ɗaya ya tsage. Jikan ya cire rigarsa ya cusa a tsagar, ya ɗauki kwano yana kwarfa. Wani saurayi ɗan Baga da ke haya a lungun ya karɓi gorar, daga nan tafiya ta miƙe.

Jirgin ba ya ɗaukar fiye da mutum takwas. Suka fara da wata mai jego da tsofaffi biyu da ƙananan yara, suka kai su inda ƙafa ke taɓa ƙasa, suka komo. Malam bai ƙirga sawu nawa suka yi ba, abin da ya sani shi ne sun fara da duhu, ba su ajiye gora ba sai bayan la'asar. Sojoji da ma'aikatan agaji da masu kwalekwale sun yi aikin da ya fi nasu yawa nesa, kuma akwai gidajen da jirgin bai kai gare su a kan lokaci ba. Wannan shi ya sa har yau Malam ba ya son a yabe shi a kan ranar. A cikin waɗanda ya ɗauka har da mai tambayar ruwan Ɗufana. Mutumin ya buɗe baki zai yi magana, Malam ya ce, "Alhaji, riƙe yaron nan da kyau, ba lokacinta ba ne."

A filin makarantar da suka fake, rana ta buɗe, ba inuwa. Uwargidan ta kwance ƙunshin da ta fito da shi a ka, sai ga zanen jirgi. Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta ɗauko shi ta bar tukwanenta ba. Aka kafa shi a kan sanduna huɗu, mata da jarirai suka kwana 12 a ƙarƙashinsa.

Bayan ruwa ya janye

Malam ya koma ya tarar da rabin gidansa a ƙasa, littattafansa na shekara 35 sun zama taɓo. Dattijon Doro ya tsira, amma sanyin ruwan ya kama ƙirjinsa, bai ga ƙarshen shekarar ba. Da aka zo gyaran katakon da ya tsage ba wanda zai zauna a inuwa ya faɗa. Malam da jikansa suka cire shi, suka ɗora bisa sabo suka zana, suka jiƙa, suka gasa, suka ja a hankali suna kasa kunne. Bai karye ba.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina madatsar Alau. Zanen nan da aka wanke aka ninke yana cikin akwati, iska ba ta taɓa cika shi ba, kuma shirun da Malam ya ji yana ɗan shekara tara bai sake jinsa ba tukuna. Yakan ce in da rabo zai ji, in kuwa babu, yaron ya san hanya.

Hausawa sun ce ba a fafa gora ranar tafiya. Akwai gidaje da yawa a ƙasar nan da ke da irin wannan jirgi a kife, wani masaƙa ce, wani maƙera, wani kuwa tsoho ne a zaure da sana'a a kansa ba mai tambayarsa. Ba kowane ne za a wayi gari ya ceci rai ba, kuma Malam bai gyara nasa don ya hango ambaliya ba, nauyin uba ne ya sauke. Amma da ya ƙara jinkirin shekara biyu, da ba jirgin, ba kuma mai faɗa masa yadda za a yi.

Da aka tashi sake gina katanga, Malam ya sa magina suka bar ƙofa mai faɗin ƙafa shida. Jirgin na nan a gindin darbejiya, a zaune bisa gindinsa, ba a kife ba. Duk bayan kwana biyu, in an fito sallar asuba, yaron kan ɗebo bokiti huɗu ya juye a ciki.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri, ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan rana, amin.